Faktir ɗin jabu ta shigo hannunka: sulhu, komisariya ko kotun kasuwanci?

A bara, kwanaki kaɗan bayan sallar layya, wani mai kamyo ya shigo magazan yayana a Tawa da takardar neman biya, wadda ƴan kasuwa ke kira faktir, yana neman kuɗin dakon siminti buhu 450 daga Malbaza. Ya haɗa ta da takardar shaidar sauke kaya, wato bon, mai ɗauke da sa hannun yaron da ke tsaron magaza. Yayana bai ce komai ba, ya jawo durowa ya ɗauko littafin bon, ya buɗe kwafin da ya rage a ciki, sai ga 150. A takardar mai kamyo an ƙara wa lamba 1 zane biyu ta koma 4, kuma idan aka ɗaga ta a hasken bakin ƙofa ana ganin shuɗin biron da aka yi ƙarin ya fi na asali duhu. Kafin la'asar shawara ta yi yawa. Wani ya ce a kira ƴan sanda, wani ya ce a je fada, wani dattijo maƙwabcinsa kuma ya ce: "Alhaji, ka ƙi biya kawai, in yana da gaskiya shi ya kai ka gaban alƙali." Kowannensu yana da hujja, amma ƙofofin da suka nuna ba wuri ɗaya suke kaiwa ba, kuma akwai wadda idan an shige ta sai ta rufe wata.

Abin da doka ke kira jabu

Kundin hukunta laifuka na Nijar na 15 ga Yuli 1961, wanda aka yi wa babban gyara a 2003, ya fayyace jabun takarda a aya ta 152, kuma ma'anar ta tsaya a kan ƙafafu huɗu: a canza gaskiya, a yi hakan da niyyar cuta, canjin ya kasance mai iya jawo wa wani asara, sannan ya auku a cikin rubutun da aka yi domin ya zama hujjar wani haƙƙi, ko wanda zai iya zama hujjar. Kundin Faransa na yanzu, wanda ya fara aiki a 1994, yana da kusan wannan ma'anar a aya ta 441-1, da ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da dokokin biyu jikokin kundin Faransa na 1810 ne. A lura cewa ba a buƙatar asarar ta riga ta auku. Ya isa a ce takardar za ta iya jawo ta, saboda haka ƙin biyan da yayana ya yi bai wanke wanda ya juya lambar ba. Yin jabun laifi ne, amfani da shi da sani kuma wani laifi ne mai zaman kansa, shi ya sa a takardun kotu ake ganin an rubuta su tare da Faransanci, faux et usage de faux. Mai kamyo zai iya rantsuwa cewa ba hannunsa ya riƙe biron ba, amma idan ya san an taɓa takardar kuma ya miƙa ta yana neman kuɗi, laifi na biyu ya hau kansa.

Ƙafa ta huɗu ita ce wadda ta fi yaudarar ƴan kasuwa. Faktir a asalinta da'awa ce ta ɓangare ɗaya: mai sayarwa ne ya zauna ya rubuta cewa yana bin ka kaza, kai kuma kana da ikon dubawa ka ƙaryata. Saboda haka alƙalan Faransa, waɗanda lauyoyinmu ke yawan kafa hujja da fahimtarsu, sun daɗe suna cewa faktir da aka cika wa farashi ba jabu ba ce don kawai akwai ƙarya a cikinta, domin mutum ba ya ƙirƙira wa kansa hujja a kan wani. Takan zama jabu idan ta tashi daga da'awa ta koma hujja, misali idan aka shigar da ita cikin littattafan lissafin kamfani domin a nuna inda kuɗi suka tafi, ko aka miƙa ta ga banki, ko ma'aikatar haraji, ko kotu. Haka nan idan aka ƙirƙiro ta da sunan wani ɗan kasuwa, da tambarinsa da sa hannunsa, alhali bai san da ita ba.

Daga nan takardu iri uku ke fitowa. Na farko, takardar da aka taɓa jikinta: an kankare, an ƙara lamba, an kwaikwayi sa hannu ko an sassaƙa tambari. Bon ɗin yayana yana nan, kuma shi ne mafi sauƙin tabbatarwa domin takardar kanta ke ba da shaida. Na biyu, takardar da jikinta lafiya lau amma cikinta ƙarya ne, kamar faktir ɗin kayan da ba a taɓa kawowa ba wadda mai lissafin kamfani ya karɓa ya biya aka raba kuɗin. Na uku, faktir da aka yi wa ƙari kawai aka aiko maka, wadda sau da yawa gardamar bashi ce, sai dai idan an haɗa ta da wasu dabaru, kamar shaidar ƙarya ko kamfanin da babu shi, a nan sai a yi maganar damfara. Hukunci kuma yana bin nau'in takardar: jabun takardar hukuma ko ta notar, wato jami'in da ke tabbatar da takardun yarjejeniya, ya fi na takardar kasuwanci nauyi nesa ba kusa ba. Lambobin ayoyi da yawan ɗauri sukan motsa duk lokacin da aka gyara kundi, saboda haka lauya zai duba wanda ke aiki a ranar da aka aikata abin.

Ma'aunan zaɓi

Kafin a kwatanta hanyoyin, mutum ya tambayi kansa abin da yake nema da gaske: kuɗinsa ne, ko wanke sunansa, ko ganin an hukunta wanda ya cuce shi. Bayan wannan sai a auna kowace hanya da abu biyar: abin da za ta ci na kuɗi, tsawon lokacinta, ƙarfin abin da za a fito da shi a hannu, sauƙin binta ga wanda ba ya jin Faransanci sosai, da haɗarin da ke iya juyowa kan mai ƙara. Akwai na shida da ba ya shiga jadawali, wato zumunci, domin a Tawa da wuya ka kai mutum gidan kaso ba tare da ka tarar da surukinsa a sahun masallacinku ba.

Hanya ta farko: sulhu

Sulhu iri biyu ne. Akwai na fada da na shugabannin ƴan kasuwa, kuma wannan ba al'ada ba ce kawai, domin dokar 2015 da ta tsara matsayin sarakunan gargajiya ta ba su ikon sasanta mutane a rigingimun gado da gona da na ciniki, tare da rubuta takardar sulhu. Akwai kuma na cibiyar sasanci ta Yamai, CMAN, da ke ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa, wadda ke aiki da dokar sasanci ta 2017 ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci bai ɗaya, har da Nijar. Na fada ba ya cin komai in ban da ɗan abin gaisuwa, kuma ana iya gamawa cikin mako guda da Hausa tsantsa. Na cibiya yana da kuɗin da aka ƙayyade, amma yarjejeniyarsa ana iya kai ta kotu a ba ta ƙarfin zartarwa.

Rauninsa shi ne sulhu yana kashe bashi, ba ya kashe laifi. Sarki ba shi da hurumin yanke hukuncin laifi, kuma idan labarin ya isa kunnen alƙali mai shigar da ƙara, yafewar da aka yi a fada ba ta ɗaure masa hannu. Babban haɗarin kuma shi ne abin da na gani da idona: ana cikin zaman sulhun yayana da mai kamyo a fada, wani dattijo ya miƙa hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, a yaga takardar nan kowa ya huta." Da yayana ya yarda, da ya rasa makaminsa kaf, kuma da mai kamyo ya saɓa alkawari babu abin da za a nuna. A yi sulhu a rubuce, a ambaci lambar faktir da adadin gaskiya, ɓangarorin biyu da shaidu su sa hannu, asalin takardar kuma ta koma durowa.

Hanya ta biyu: ƙara a komisariya, jandarma ko ofishin mai shigar da ƙara

Wannan ce hanyar da zuciya ke fara nunawa idan rai ya ɓaci. Shigar da ƙarar ba ya buƙatar kuɗi ko lauya, ana ɗaukar bayaninka, a kira wanda ake zargi, kuma ana iya tsare shi na awa 48 da za a iya sabuntawa. Tsoron wannan tsarewar kaɗai yakan sa dangi su fito da kuɗi a daren farko, abin da ya sa mutane da yawa ke ɗaukar komisariya kamar ofishin karɓar bashi. Ni ban ga hikimar wannan ba. Daga lokacin da takarda ta isa teburin mai shigar da ƙara, shari'ar ta zama ta hukuma: yana iya ajiye fayil ɗin idan ya ga gardamar ciniki ce kawai, yana kuma iya ci gaba ko da ka dawo ka ce ka janye. Wanda ya shiga domin ya tsorata ɗan ƙanwarsa yana iya wayar gari ya ga yaron a gaban alƙali, shi kuma ba shi da ikon tsayar da abin.

Idan aka kai ga zaman kotu, kana da damar tsayawa a matsayin wanda aka cuta ka nemi diyya a cikin shari'ar laifin kanta, kuma hukuncin da ya fito yana da ƙarfi sosai. Sai dai ɗaurin mutum ba ya sa kuɗi a aljihunka, domin wanda ke kaso ba ya dako. Haɗarin da ke kanka shi ne ƙazafi: wanda ya kai ƙarar da ya san ƙarya ce, doka tana hukunta shi. Akwai kuma wa'adi, domin a tsarin kundin shari'ar laifuka na 1961 matsakaitan laifuka suna faɗuwa bayan shekara 3, manya kuma bayan 10. Idan jabun a kwamfuta aka yi shi, kamar faktir da aka gyara aka turo ta WhatsApp, dokar laifukan intanet ta 2019 ma tana shigowa, saboda haka kada a goge saƙon kuma kada a sayar da wayar.

Hanya ta uku: kai tsaye wurin alƙali mai bincike

Wannan ƙofa ce ta wanda aka ajiye ƙararsa, ko wanda lamarinsa ya yi sarƙaƙiya. Ana rubuta ƙara zuwa ga alƙali mai bincike tare da neman diyya, shi kuma ya yanka kuɗin ajiya da za a zuba wa magatakardan kotu kafin a fara. Amfaninta shi ne tana tilasta a buɗe bincike, kuma alƙalin yana da ikon da ɗan kasuwa ba shi da shi: ya sa gwani ya gwada rubutu da sa hannu, ya nemi bayanan asusun banki, ya karɓo littattafan lissafi, waɗanda dokar OHADA ta wajabta a ajiye na shekara 10. Ga faktir iri na biyu, wadda jikinta lafiya amma cikinta ƙarya, da wuya a kama zaren ba ta nan ba. Ita ce kuma mafi tsada da jinkiri, tana buƙatar lauya a aikace, tana iya cin shekara ko fiye, kuma idan bincike ya ƙare babu laifi, wanda ka zarga yana da damar juyowa ya nemi diyya a kanka. Marar hali yana iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 domin agajin shari'a.

Hanya ta huɗu: kotun kasuwanci

Shawarar dattijon nan, ka ƙi biya ka jira, ta fi yadda ake zato ƙarfi, domin a shari'ar bashi mai da'awa ne ke kawo hujja. A Yamai akwai kotun kasuwanci da ta fara aiki a 2016, inda alƙali ke zama tare da ƴan kasuwa masu taya shi hukunci, kuma ana fara gwada sulhu kafin a shiga gardama. A Tawa babbar kotun jaha ce ke sauraren irin waɗannan ƙararraki. Tsakanin ƴan kasuwa dokar OHADA ta yarda a kafa hujja da kowace hanya, har da saƙon waya, saboda haka kwafin bon, littafin magaza da shaidar ƴan dako duk suna shiga. Idan ka musanta rubutu ko sa hannu, kundin shari'ar farar hula na 2015 ya ba alƙali hanyar tantance takardar. Kuɗin da za a kashe matsakaici ne: na wisiye (jami'in da ke kai takardun kotu da zartar da hukunci), kuɗin rajista, da lauya idan adadin ya kai. Ba a ɗaure kowa, amma ana fita da hukuncin da wisiye zai iya zartarwa a kan asusu ko kaya.

Jiran yana da tarko guda wanda ya kamata kowane mai shago ya sani. Mai faktir yana iya zuwa wurin shugaban kotu shi kaɗai, ba tare da an kira ka ba, ya samo umarnin biya bisa takardun da ya nuna. Ranar da wisiye ya kawo maka wannan umarni agogo ya fara bugawa, kuma tun da sabuwar dokar OHADA ta fara aiki a Fabrairun 2024 kwana 10 kawai gare ka ka shigar da adawa, maimakon 15 na da. Wanda ya jefa takardar a durowa yana cewa ai ƙarya ce, zai iya tarar da an rufe masa asusu a kan faktir ɗin jabu.

Sai maganar ƙofar da ke rufe wata. Ƙa'ida ce a tsarin shari'armu cewa wanda ya fara kai neman diyyarsa kotun farar hula ba ya kwashe ta daga baya ya kai kotun laifi, sai idan mai shigar da ƙara ne da kansa ya tayar da shari'ar kafin a yanke hukunci. Idan kuma shari'ar laifi ta tashi a kan takardar, ta kasuwanci takan tsaya ta jira ta. Ma'ana, wanda ke gaggawar kuɗinsa, idan ya kai ƙara wurin alƙali mai bincike, da hannunsa ya jinkirta wa kansa biya.

| Hanya | Kuɗi | Lokaci | Ƙarfin sakamako | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sulhu | Kaɗan a fada, ƙayyadadde a cibiya | Kwanaki ko makonni | Ya dogara da rubutun da aka yi | Mafi sauƙi | Rasa asalin takarda, saɓa alkawari |
| Komisariya ko jandarma | Kusan babu | Farko da sauri, ƙarshe ba tabbas | Mai ƙarfi idan an kai hukunci | Da sauƙi | Shari'a ta fita daga hannunka |
| Alƙali mai bincike | Mafi tsada | Mafi tsawo | Mafi zurfin bincike | Sai da lauya | A juyo a nemi diyya a kanka |
| Kotun kasuwanci | Matsakaici | Watanni | Hukuncin da wisiye ke zartarwa | Matsakaici | Wucewar wa'adin kwana 10 |

Wa ya dace da wace

Wanda bai biya ko dala ba, aka kuma kama ƙarin tun a bakin ƙofa, ba shi da abin da zai karɓo, saboda haka sulhu a rubuce ya ishe shi, muddin asalin takardar na hannunsa. Abin da yayana ya yi ke nan: ya biya dakon buhu 150, mai kamyo ya sa hannu a gaban shaidu biyu cewa babu sauran bashi, kuma bai sake ba shi lodi ba. Wanda ya riga ya biya, kuma wanda ya cuce shi yana da shago ko mota ko asusun da za a iya kamawa, kotun kasuwanci ta fi kusa da kuɗinsa. Wanda aka aiko wa faktir mai ƙarin farashi kawai, ba kankara ba sa hannun ƙarya, ya mayar da amsa a rubuce yana musantawa, ya bar komisariya, domin da alama za a ce masa gardamar ciniki ce.

Wanda aka sassaƙa tambarinsa ko aka buga faktir da sunansa da lambarsa ta haraji, wato NIF, shi ba shi da zaɓin yin shiru. Takardun suna yawo a hannun mutanen da bai sani ba, kuma wata rana ma'aikatar haraji za ta tambaye shi cinikin da bai yi ba, saboda haka ya kai ƙara a ranar, ya karɓi shaidar shigar da ita, ya sanar da ofishin haraji. Faktir ɗin da ke fitowa ta SECeF, tsarin faktir na lantarki na ma'aikatar haraji, tana ɗauke da lambar tantancewa da alamar QR, kuma duba su kafin biya ya fi duk waɗannan hanyoyi araha. Mai kamfanin da ya gano cewa mai lissafinsa da wani mai kawo kaya sun daɗe suna raba kuɗin kayan da ba a sauke ba, alƙali mai bincike ne nasa, ko da zai jira. Idan kuwa kuɗin na gwamnati ne, kamar faktir ɗin da aka miƙa wa magajin gari ko wata ma'aikata, maganar ta wuce fada da kotun kasuwanci gaba ɗaya: ta zama ta almubazzaranci da dukiyar ƙasa, kuma hukumar yaƙi da laifukan tattalin arziki, CoLDEFF, da aka kafa a 2023, da sashen kotun Yamai mai kula da laifukan kuɗi su ne masu hurumi, ma'aikacin da ya sa hannu a kan takardar kuma za a tambaye shi tare da wanda ya kawo ta.